MASU SHARAR DUNIYA: TANA, GARA, BUZUZU DA UNGULU

Jawabin wannan wata, domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci da tarurrukan ƙungiyoyin manoma da makiyaya



Jawabin wannan wata zai fara da ɗan lissafi. Saniya ɗaya takan yi kashi kamar sau 10 a yini, wani lokaci ma fiye. Garke mai shanu 50 ke nan zai zubar da kashi wuri 500 a yini guda. A wata ɗaya ya zama 15,000. Wannan na garke ɗaya ne kawai. A haɗa da na tumaki da awaki da jakuna da raƙuma. A haɗa da ganyen da itatuwa ke kakkaɓewa da hunturu, da karan da ya rage a gona, da busassun rassa, da mushen dabbobin da ke mutuwa a daji.

To, ina duk wannan tarkace yake tafiya? Babu wanda ya ɗauki tsintsiya ya share daji. Babu hukumar da ta taɓa biyan wani ya kwashe kashin shanu daga makiyaya. Amma duk shekara wurin yakan wayi gari fes, ciyawa ta sake tsirowa.

Amsar ita ce, Allah ya halicci waɗansu dabbobi da ƙwari waɗanda abincinsu shi ne abin da ya mutu ko ya ruɓe. Daga cikinsu akwai tana, da gara, da buzuzu, da ƙadandoniya, da gwazarma, da tsutsa, da ungulu, da kura. Mutane sun raina su. Wasu ana taka su, wasu ana jifan su, wasu ana zuba musu guba. Amma aikinsu ne ke mai da ƙazanta ta zama taki. Yanzu da takin zamani ya yi tsada, gonaki kuma suka gaji, ya kamata kowane manomi ya san su, ya san abin da ke kashe su.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

Gero da dawa da ciyawa suna jan abinci daga ƙasa ta saiwarsu. Abincin nan yakan shiga kara da ganye da hatsi. Mutum ya ci, dabba ta ci. Idan abin da aka ɗauka bai koma ba, ƙasa za ta riƙa ramewa kamar rumbun da ake ɗiba ba a zubawa.

Amma saiwa ba ta iya cin busasshen ganye ko kara yadda yake. Sai ya ruɓe ya narke tukuna. Masu narkar da shi na ƙarshe su ne fumfuna da waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Su kuwa aikinsu yana da nawa idan abin yana da girma ko tauri. Nan ne dabbobin da ake magana a kansu suke shigowa. Su ne ke tsinka ganye, su gutsuttsura kara, su ja shi cikin ƙasa, su ci, su kasayar. Misalinsu kamar mace ce mai surfe da daka kafin a kai ga tuƙa tuwo. Idan ba a daka ba, tukunya ba za ta yi komai ba.

TANA

Tana ba ta da ido, ba ta da ƙafa, ba ta da haƙori. Da fatar jikinta take numfashi, shi ya sa dole jikinta ya kasance da laima. Idan ta bushe sai ta mutu. Saboda haka aka fi ganin ta da damina, a fadama, da gindin itace, da bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Da rani takan nutsa can ƙasa ta naɗe, ta jira ruwa.

Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da ƙasa. Tana haɗiye su tare, su cuɗanya a cikinta, sannan ta fito da su. 'Yan curin ƙasar nan da ake gani a fadama da sassafe, su ne kashin tana. Sun fi ƙasar da ke kewaye da su amfani ga shuka. Ramukan da take haƙawa kuma hanya ce ta ruwa da iska, saiwa ma tana bin su ta sauka ƙasa ba wahala.

Wani shahararren masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Charles Darwin ya shafe kimanin shekara 40 yana lura da tana. A shekarar 1881 ya fitar da littafi sukutum a kanta. A lissafinsa, a wurare da yawa na Ingila ƙasar da ke bi ta cikin tana a eka ɗaya ta wuce tan 10 a shekara. Tan ɗaya buhu 10 ne na kilo 100. Ke nan sama da buhu 100 na ƙasa tana ke juyawa a eka guda, ba garma, ba shanun huɗa. Ƙasar Ingila tana da ruwa da sanyi, saboda haka tana ta fi yawa a can. A jigawar ƙasar Hausa ba ta kai haka ba. A nan wata halitta ce ta ɗauki mafi yawan aikin.

GARA

Ba manomin da bai taɓa kuka da gara ba. Tana cin azara, ta ci zana, ta ci gindin rumbu, ta ci tufafi da littattafai. A shekarar fari takan shiga gyaɗa da rake da masara. Wannan ɓarna gaskiya ce, kuma daidai ne mutum ya kare gidansa da rumbunsa.

Amma gara iri-iri ce, kuma da yawa daga cikinta abin da ya riga ya mutu take ci: busasshiyar ciyawa, da kara, da kandilo, da itacen da ya faɗi. A ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, inda tana ba ta iya zama, gara ce babbar mai shara. Ko da tsakar rani tana aiki, domin takan gina wa kanta rufin laka a kan abin da take ci don kada rana ta taɓa ta.

Garar da ke gina manyan suri tana da wata hikima. A cikin surin akwai ɗakuna inda take tara abin da ta tauna, ta shuka wata irin fumfuna a kai. Fumfunar ta narkar da shi, sannan gara ta ci. Wato ita ma manomiya ce. Wajen gina suri takan haƙo laka daga can ƙasa ta fito da ita sama. Shi ya sa waɗansu manoma ke fasa tsohon surin da gara ta bari su watsa ƙasarsa a gona mai yashi.

Babban amfaninta ga manomi shi ne ramukanta. Kowa ya san faƙo, wato ƙasar da ta daskare ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan sama in ya sauka a kanta sai ya wuce, ko ciyawa ba ta fitowa. Masana aikin gona a ƙasar Burkina Faso sun gwada wani abu a shekarun 1990. Sun shimfiɗa kara da ciyawa da kashin shanu a kan faƙo suka bari. Gara ta zo cin abincin, ta huda ƙasar ta ko'ina. Da damina ta faɗi sai ruwa ya bi ramukan ya shiga, ciyawa ta fara dawowa. A wuraren da suka zuba magani suka hana gara zuwa, ƙasar ba ta gyaru kamar haka ba.

TASSA: NOMA TARE DA GARA

Bayan farin da aka sha a shekarun 1973 da 1984, mutane da yawa a yankin Yatenga na arewacin Burkina Faso sun bar gonakinsu. Wani manomi mai suna Yakuba Sawadogo bai tafi ba. Ya ɗauko wata tsohuwar dabarar kakanni da suke kira zai, ya gyara ta. Da can ƙananan ramuka ake yi a shuka a ciki. Shi sai ya faɗaɗa ramukan, ya yi su tun da rani, ya zuba takin gida a kowane rami. Takin ya jawo gara. Gara ta haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ramin, ta gutsuttsura takin. Da ruwa ya sauka sai ya taru a ramin ya nutse, maimakon ya gudu.

Da farko mutane dariya suka yi masa. Daga baya faƙon da ya gyara ya ba da gero da dawa, har ya zama daji mai itatuwa da tsirrai fiye da iri 60. A shekarar 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin. Ya rasu a watan Disamba na 2023.

A shekarar 1989 waɗansu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar suka kai ziyara Yatenga. Gani ya kori ji. Da suka komo gida suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A Nijar ana kiran dabarar tassa, kuma da ita aka farfaɗo da dubban kadada na ƙasar da aka riga aka fid da rai da ita.

Ga yadda ake yi. Da rani a haƙa rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zurfinsa kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. A tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare, don ta tare ruwa. Tsakanin rami da rami a bar kamar taku ɗaya. A zuba takin gida cikin tafin hannu biyu a kowane rami, a ɗan rufe da ƙasa. Idan ruwa ya sauka sosai sai a shuka a ciki. Aikin yana da wahala a shekarar farko, amma ramukan sukan yi amfani shekara biyu ko uku kafin a sabunta su.

BUZUZU

Yara sukan tsaya kallon buzuzu yana mirgina curin kashi da ƙafafunsa na baya, kansa a ƙasa. Ba wasa yake yi ba. Curin nan abincinsa ne, ko kuwa ɗakin da macen za ta sa ƙwai. Yakan kai shi nesa ya binne. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci kashin har ta girma.

Buzuzu kashi uku ne. Akwai mai mirginawa. Akwai mai haƙa rami a ƙarƙashin kashin ya riƙa ja yana kaiwa ƙasa. Akwai kuma mai zama a cikin kashin. Da damina, in sun taru da yawa, sukan binne kashin saniya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Amfanin wannan ga makiyayi yana da yawa. Takin ya shiga ƙasa inda saiwa take, bai bushe a rana ba. Ƙudaje sun rasa wurin sa ƙwai. Ƙwan tsutsar ciki da ke fitowa a kashin dabba shi ma an binne shi, saboda haka bai hau ciyawa wata dabba ta sake ci ba.

Wanda ke shakkar darajar buzuzu, ya ji labarin ƙasar Ostareliya. A da babu shanu a can. Turawa ne suka kai su a shekarar 1788. Ƙasar tana da nata buzuzu, amma ya saba da kashin dabbobin dajin can, mai tauri da bushewa kamar na akuya. Bai iya da ɗanyen kashin shanu mai laushi ba. Da shanu suka kai miliyoyi, sai kashi ya riƙa zama a fili wata da watanni, wani har shekara. Ya rufe ciyawa, shanu kuma ba sa cin wadda ta fito a gefensa. Ƙudaje suka yi yawa har suka addabi mutane da dabbobi.

Wani masanin ƙwari mai suna George Bornemissza, ɗan asalin ƙasar Hangare, shi ya ba da shawara a nemo buzuzun da ya saba da shanu. Daga 1965 zuwa 1985 hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya ta yi ta shigo da buzuzu, mafi yawa daga Afirka da kudancin Turai. An saki iri 43, iri 23 suka zauna suka hayayyafa. Makiyaya suka gyaru, ƙudaje suka ragu ƙwarai a wurare da yawa. Wato abin da yaro ke takewa a bakin garke a nan, wata gwamnati ta shafe shekara 20 tana kashe kuɗi don ta same shi.

Akwai abin lura a nan. Maganin tsutsar ciki da kaska mai suna aibamektin, wanda ake yi wa dabbobi allurarsa, yana fitowa a kashinsu na kwanaki bayan an yi. Yana kashe 'ya'yan buzuzu. Maganin yana da amfani, ba a ce a daina ba. Amma a yi shi lokacin da ake bukata, gwargwadon yadda likitan dabbobi ya ce, kada a riƙa yi barkatai.

UNGULU

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Idonta yana da kaifi, daga can sama take hango mushe. Kanta da wuyanta ba su da gashi sosai, don haka ƙazanta ba ta manne mata in ta cusa kai cikin mushe. Ruwan cikinta yana da ƙarfi ƙwarai, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Taron manyan ungulaye kan cinye mushen saniya cikin ƙasa da sa'a guda, su bar ƙashi.

Dattawa za su tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta da kasuwa da kan rimi da tsamiya. Yau a garuruwa da yawa yaro zai girma bai taɓa ganin ta ba. Me zai faru in ta ƙare? Ƙasar Indiya ta riga ta ga amsa.

A da Indiya tana da ungulaye miliyoyi. Yawancin mutanen ƙasar ba sa cin naman shanu, saboda haka in saniya ta mutu, a kan feɗe fata a bar wa ungulu sauran. A shekarun 1990 sai ungulaye suka fara mutuwa ba a san dalili ba. Wani iri daga cikinsu, tsakanin 1992 da 2007, cikin kowace 1,000 ɗaya ce kawai ta rage. A shekarar 2004 masana suka bayyana dalilin. Wani maganin ciwon jiki ne mai araha, sunansa dikulofenak, wanda aka riƙa yi wa shanu marasa lafiya. Idan saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi wannan magani. Aka samo wani mai suna meloksikam wanda ba ya cutar da ungulu.

Amma ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, yana wari, yana gurɓata ruwan sha. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci a banza suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A shekarar 2024 waɗansu masana biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka fitar da bincike. Sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Afirka ma ungulu tana cikin haɗari. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke neman ƙarewa ta sa iri huɗu na ungulayen Afirka a sahun waɗanda suka fi kusa da ɓacewa. Cikinsu har da ƙaramar ungulun nan ta mahauta da aka saba gani a ƙasar Hausa. A 2019 ungulaye 537 suka mutu a ƙasar Botswana bayan sun ci mushen giwaye da mafarauta suka sa wa guba. A 2020 fiye da 2,000 aka kashe da guba a Gini Bisau, da yawa an tsince su ba kai.

A Nijeriya da maƙwabtanta abu uku ne suka fi cin ta. Na farko, kama ta a sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga masu tsibbu da neman sa'a. Na biyu, guba da ake barbaɗa wa mushe don kashe kura ko dila ko karnuka, sai ungulu ta riga su ci. Na uku, sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara. In aka kashe uwa ɗaya, za a daɗe ba a mai da gurbinta ba.

SAURAN MA'AIKATA

Kura tana farauta, amma tana cin mushe har da ƙashi. A birnin Harar na ƙasar Habasha kuraye sun daɗe suna shiga gari da dare suna cinye abin da mahauta suka zubar. Ƙadandoniya tana cin ruɓaɓɓen ganye, ko da yake takan taɓa irin gyaɗa in ta rasa abinci. Gwazarmar da ake tonowa a juji ita ma taki take narkarwa. A cikin ruwa, tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande suna cin abin da ya nutse ya ruɓe a ƙasan tafki.

Akwai kuma wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, wanda ba ya cizo, ba ya damun abincin mutane. A ƙasashe kamar Kenya da Gana da Nijeriya waɗansu suna kiwon tsutsarsa a kan ragowar abinci da dusa. Tsutsar ta zama abincin kaji da kifi, abin da ta bari kuma ya zama taki.

Sai dai a yi hattara. Ƙudan gida da kyankyaso su ma ƙazanta suke ci, amma daga nan sukan wuce kan abinci, su kawo gudawa da kwalara. Saboda haka kasancewar masu shara a daji ba hujja ba ce ta yin bahaya a fili. Kowane gida ya haƙa masai ya rufe bakinsa. A rufe abinci. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa taki.

Haka nan dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a bar wa karnuka. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutane. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yuli na 2023. A sanar da likitan dabbobi, shi zai nuna yadda za a ƙone ta ko a binne ta da zurfi.

ABIN DA YA RAGE GA MANOMI DA MAKIYAYI

Na ɗaya, a rage ƙona gona da daji. Wuta tana cinye abincin waɗannan halittu, ta kashe na kusa da saman ƙasa. Tokar da ta rage iska ce ke kwashe mafi yawanta. Idan an kwashe kara don dabbobi da danni, a bar wani abu a shimfiɗe a gona.

Na biyu, a yi ramin taki a inuwa, mai zurfin kamar ƙugun mutum. A jera ciyawa da ganye da ƙaiƙayi, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake jerawa har ya cika. A soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in an zaro sandar an ji ta da ɗumi, aiki yana tafiya. A juya shi duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari. In ya huce aka ga tana da gwazarma a ciki, kada a kashe su, aiki suke yi. Takin zamani ma ya fi kama ƙasar da ke da irin wannan taki.

Na uku, a tsince leda da roba da batir da kwalba kafin a kai juji gona. Babu tana ko garar da ke narkar da su. Leda tana hana ruwa shiga ƙasa, kuma in akuya ko saniya ta haɗiye ta takan toshe mata ciki.

Na huɗu, kada a sa wa mushe guba, kada a zuba maganin ƙwari a tafki don kama kifi. Maganin feshi a yi shi gwargwadon yadda malamin gona ya nuna. Maganin mutane, irin su dikulofenak da ake sayarwa a kemis, kada a ba dabba sai da izinin likitan dabbobi.

Na biyar, a bar ungulu ta sha iska. Kada a saye ta, kada a sayar, kada a ɗebe ƙwanta. Itacen da take sheƙa a kai a bar shi tsaye. Masu unguwanni da sarakunan fawa da limamai suna da bakin da za a ji a kan wannan. Ranar Asabar ta farkon watan Satumba kowace shekara ita ce ranar tunawa da ungulu a duniya, dama ce ta yi wa yara bayani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. Garke mai shanu 30, kowace tana kashi sau 10 a yini. Kashi wuri nawa za su zubar a mako ɗaya?
2. Me ya sa ake zuba takin gida a ramin tassa tun da rani?
3. Yaushe aka ga ungulu na ƙarshe a mahautar garinku? A tambayi dattawa abin da suka gani da can.
4. Akwai faƙo a kusa da ƙauyenku? Wa zai yarda a gwada ramuka 100 a kai kafin damina mai zuwa?

Ajin da ya gwada tassa ko ramin taki, ya rubuto wa wannan jarida abin da ya gani, da hannun ɗalibansa, domin sauran ƙauyuka su amfana.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare dabbobi daga annoba. Wassalamu alaikum.